A kai rigakafin PPR har gaban mai akuya

Zuwa ga Edita,

Ina jan hankali kan shirin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na kawar da cutar PPR, mai kashe tumaki da awaki, nan da 2030.

Masu bincike sun yi nasu, rigakafi na nan. Amma kwalbar da ta wuni cikin rana a bayan babur, ba ƙanƙara, kafin ta isa ƙauye ta lalace. Matar da akuya biyu ce dukiyarta, ita ke kwana ciki.

Rigakafi mai jure zafi da makiyayan da aka koya wa allura sun taimaka wajen kawar da cutar bushiya, mai kashe shanu, a 2011. Ina roƙon gwamnatoci su ware kuɗin horar da irin waɗannan ma'aikata.

Naku,
Mai karatu