Ku gayyato uwar adashi cikin shirin nan mana

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na daren Talata inda wani malamin jami'a yake bayani wai lokaci yayi da za'a gyara tsarin jari hujja ya zama akwai tausayi a ciki, ba riba kawai ba. Gaskiya na yarda dashi, amma abinda ya ɗan sosa min rai shine misalansa duk daga ƙetare ya ɗauko su, ya kawo Mondragon ta ƙasar Sifen da ma'aikata ke da kamfanin tun 1956, ya kawo bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladesh mai baiwa talakawa ƙananan rance, ko sau ɗaya bai ambaci Maraɗi ba, alhali gata nan kusa, kana wuce Jibiya ka kama hanyarta.

A 1991 ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, kuma ba daga sama suka sauko da tsarin ba, adashin da iyayenmu mata suka saba ne aka ɗan yi wa kwaskwarima. Bambancin shine a adashi kowa ya zuba mutum ɗaya ya kwashe har a zagayo, su kuma kuɗin yana zama a akwati, duk sati mata su taru su zuba, wadda take son jarin ƙuli ko kiwon akuya ta ranta ta dawo dashi da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa akwati a raba har da abinda ya hau. Akwatin ma kwaɗo uku ake sa masa, makullan a hannun mata uku daban daban, ba mai buɗewa sai a gaban kowa, sannan ga ɗan asusu a gefe na rashin lafiya ko rasuwa. Yanzu wannan tsarin ya bazu ƙasashe da yawa a Afirka har Asiya, Turawa sun sa masa nasu sunan suna ta rubuce rubuce akai, mu kuma muna nan muna jiran a zo a koya mana tausayi.

Mahaifiyata uwar adashi ce a unguwarmu sama da shekara 20, bata taɓa riƙe biro ba amma bata taɓa ruɗewa da lissafi ba. Akwai shekarar da mijin wata cikinsu ya rasu ita kuma ɗaukarta sai can ƙarshe, ranar sadakar uku matan suka zauna a tsakar gidanmu, wadda ke kan layi tace a bata nawa ni na koma nata, shikenan magana ta ƙare ba takarda ba shaida. Toh ku kwatanta da ƙanina da ya ci bashin dubu ashirin a wata manhajar waya, ya makara da kwana huɗu kacal, wlh suka bi duk lambobin dake wayarsa suna tura saƙo wai ɓarawo ne, har surukinsa ya samu. Dukkansu fa bashi ne, amma ɗaya ya san wanda ya baiwa da halin da yake ciki, ɗayan lamba kawai yake gani.

Ba wai nace adashi bashi da matsala ba. Mun sha jin uwar adashi ta tsere da kuɗin mutane, kuma tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kaya ke ta tashi, mai ɗaukar ƙarshe ita ke kwana ciki, kuɗin da zai sayi buhun shinkafa a farkon zubi kafin ya zagayo kanta ya koma na 'yan kwanuka, shi yasa wasu matan suka koma adashin kaya, a zuba a sayo shinkafa da man gyaɗa a raba. Sannan ɗan ƙarin nan da ake sawa akan rance akwai masu ganin kuɗin ruwa ne, wannan kam sai malamai, ni dai ɗan kasuwa ne ba zan yi fatawa ba.

Gayya ma haka, da mutanen gari ne ke haɗuwa su nome gonar wanda bashi da lafiya a ci fura a watse, yanzu kafin yaro ya ɗaga fartanya sai ya ji nawa ne.

Roƙona dai idan zaku sake irin shirin nan ku zaunar da uwar adashi ɗaya kusa da malamin, ko ku tura wakilinku Maraɗi ya zauna taron matan na sati ɗaya ya naɗo mana muryarsu. Ku tambayi uwar adashin ya takeyi da wadda ta kasa zubi sati uku a jere, wannan amsar nake son malamin yaji da kunnensa.

Naku mai sauraro,
daga Kurna, Kano