Yadda Za a Gane Littafin Tarihin Fiziks Na Ƙwarai

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin ɗalibai da malaman sakandare masu neman littafin tarihin fiziks, waɗanda galibi ke ƙarewa da sayen tarkace.

Ɗan akwatin nan da ake sakawa a gefen shafi a littafin aji, mai hoton Newton da shekarar haihuwarsa, ba tarihi ba ne, gishiri ne na darasi. Littattafai da yawa na kasuwa irin waɗannan labarai suka tattara suka yi musu bango. Kafin mutum ya ciro kuɗi, ya buɗe fihirisar da ke ƙarshen littafin, in babu fihirisa ya ajiye shi. In akwai, ya gwada shi a wurare uku, aikin da bai wuce minti 15 ba.

Ya fara da Galileo. In marubucin ya ce kai tsaye wai ya hau hasumiyar Pisa ya sako abubuwa biyu masu nauyi daban-daban don ya nuna tare suke isa ƙasa, to ji-ta-ji-ta ya kwaso. Almajirinsa Viviani ne ya ba da wannan labari bayan rasuwar malamin a 1642, Galileo shi kansa bai rubuta cewa ya yi haka ba. Abin da ya bayyana a littafinsa na 1638 shi ne katako mai tsawon kamu 12 da aka yi wa kwaroro aka jingine, ana gangaro da ƙwallon tagulla a ciki, ana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyayo daga tulu. Littafin da ya kawo wannan ya san abin da yake yi.

Sai Einstein. Kyautar Nobel ta 1921 ba don ka'idarsa ta dangantakar lokaci da sarari aka ba shi ba, dokar yadda haske ke fizgo lantarki daga jikin ƙarfe aka ambata. Batun ya faɗi lissafi a makaranta kuwa ƙage ne.

Na ukun ya fi shafar mu. A duba ko littafin ya yi tsalle daga Aristotle zuwa Turai kamar duniya ta yi barcin shekara dubu. Hasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen 965 wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta Kitab al-Manazir kashi bakwai, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Kafinsa Ibn Sahl, wajen 984, ya zana ƙa'idar karyewar haske a cikin gilashi, wadda yau ake kira da sunan Snell, masanin ƙasar Holan da ya sake gano ta a 1621. Amma akwai wani ramin a ɗaya gefen: littattafan da ke cewa Ibn al-Haisam ne ya ƙera kyamara, ko duk abin da Newton ya faɗa a wurinsa ya sata. Kirari ne wannan, kuma malamin bai buƙatarsa. Wanda ya yi karatun Larabci yana da rabon da Baturen ma ba shi da shi: A. I. Sabra ya tace matanin kashi uku na farko an buga a Kuwait a 1983, sannan Mustafa Nazif ya yi masa nazari mujalladi biyu da Larabci a Alƙahira, 1942 da 1943.

Game da abin da za a fara karantawa, ra'ayina a bi daga mai sauƙi. The Evolution of Physics na Einstein da Infeld, 1938, kusan babu lissafi a ciki, ɗan babbar sakandare zai iya da shi, sai dai tarihin tunani ne, ba na mutane da shekaru ba. Daga nan littattafai biyu na Emilio Segrè, From Falling Bodies to Radio Waves da From X-rays to Quarks, su za su kai mutum daga Galileo zuwa ƙarni na 20. Tarihin Newton na Richard Westfall, Never at Rest, ya haura shafi 900, gara a nemi taƙaitaccensa na 1993. Na Abraham Pais a kan Einstein, 1982, gwanin littafi ne, amma wanda bai yi shekara biyu ko uku na fiziks a jami'a ba zai maƙale a babi-babin lissafi. Ba laifinsa ba ne, ya tsallake su ya karanta na rayuwa.

A ɗakin karatu, kada a tsaya a kan kantar littattafan aji. In suna bin tsarin jera littattafai na ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, kamar yawancin jami'o'i, tarihin fiziks yana QC7, tarihin rayuwar masana QC15 da QC16. A tsarin Dewey lambar 530.09 ce. Tarihin kimiyya baki ɗaya kuwa yana Q125 a tsarin na farko, kuma sau da yawa a can ake samun babin malaman Musulunci.

A intanet, Project Gutenberg da Internet Archive suna da tsofaffin littattafai kyauta, sai dai nan ma da tarko. Principia na Newton da ake samu kyauta fassarar Motte ce ta 1729, Turancinta ya tsufa, ta Cohen da Whitman ta 1999 ita ce mai bayanin jagora. A kuma duba bayan shafin farko don ganin shekarar bugu na asali. Kamfanin Dover yana sake buga tsofaffin littattafai da araha, sabon bango ne amma binciken cikinsa na iya kai shekara 80. Kwafin da ke yawo a WhatsApp kan zo babu zane ko babu bayanan ƙarshen littafi, alhali a nan ne marubuci ke nuna wasiƙa ko littafin gwajin da ya dogara da shi. Littafin da ba ya ɗauke da sunan maɗaba'ar da aka sani, kuma ba a ga wani aikin marubucinsa ko'ina ba, sai a yi hattara, tana yiwuwa Wikipedia aka kwafe aka ɗinke. A sa sunansa a WorldCat, shafin intanet da ke nuna ɗakunan karatun da suka ajiye littafi, in babu ɗakin karatun jami'a ko guda da ya ajiye shi, a bar wa mai shago kayansa.

Na gode, Edita.

Wani malamin fiziks, Zariya.