Masu neman sabbin jihohi, kun karanta sashe na 8 na kundin tsarin mulki kuwa?

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Na ji an kai wa majalisar wakilai buƙatar ƙirƙiro sabbin jihohi 31 a 2025, wallahi dariya ma abin ya ba ni. Tun 1996 da Abacha ya ba mu su Zamfara da Gombe da Nasarawa ba a ƙara ko ɗaya ba, don shi soja da dikiri kawai yake yi. Farar hula kuwa, bisa sashe na 8, sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun sa hannu, a yi ƙuri'ar raba gardama, jihohi mafi yawa su yarda, sannan majalisar tarayya ta amince, wane gwamna ne zai bari a yanke masa ƙasa? Yankin Mid-West (jihohin Edo da Delta na yanzu) kaɗai aka taɓa ƙirƙira ta irin wannan hanya, a 1963.

Naku,
Mai karatu daga Zariya