Gasar zanen manhaja a aji: a bar mai amfani da waya ya ba da maki

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, muna roƙon fili mu yi magana da ƴan'uwanmu malamai masu koyar da zanen manhajar waya da shafukan intanet a makarantun Yamai. Gasar ƙarshen zango ta zama ruwan dare, kuma kusan duka iri ɗaya ake yin ta: ƙungiya ta haska hotuna a bango, wanda ya fi iya Faransanci ya zuba bayani, a yi tafi, a ba mai launi mafi kyau kyauta. Ba wanda ya taɓa manhajar da yatsansa. A ganinmu, fiye da rabin makin ya kamata ya fito daga hannun baƙon da bai taɓa ganin zanen ba.

A ɗauki aji mai ɗalibai 40. A raba su ƙungiya 10, mutum huɗu-huɗu, ta hanyar ƙuri'a, domin in an bar su su zaɓi juna, masu kwamfuta za su dunƙule wuri ɗaya. Kowa aiki ɗaya za a ba shi, misali manhajar adashe ta matan kasuwa, da abu uku da dole mutum ya iya yi a cikinta: ya zuba kuɗin mako, ya duba ranar kwasarsa, ya gano wanda bai zuba ba. In kowace ƙungiya ta zaɓi nata batun, alƙalai ba su da ma'aunin kwatanta su.

Mako uku sun isa. A makon farko ba a kunna kwamfuta. Kowace ƙungiya ta zanta da mutum uku masu yin adashe, sannan ta zana fuskokin manhajar a takarda, girman allon waya, ɗalibi ɗaya ya riƙa sauya takardun duk lokacin da mai gwaji ya danna. Ɗalibai suna raina wannan mataki, amma nan ne gyara ya fi araha, kuma ɗaukewar wuta a watan Afrilu ko Mayu ba ta hana shi. A mako na biyu a mayar da zanen cikin Figma, manhajar da ake zana fuskokin manhaja da ita a kwamfuta. Sai dai Figma da intanet yake aiki. Makarantar da layinta ba shi da ƙarfi tana iya girka Penpot, wanda ke yin irin aikin Figma kuma kyauta ne, a kwamfuta ɗaya, sauran su shiga ta layin cikin gida. A ƙayyade faɗin allo tun farko, digo 360, wanda ya yi daidai da yawancin ƙananan wayoyin Android da ke hannun jama'a.

Ranar gwaji ita ce gasar, kuma ita ke son shiri. Kowace ƙungiya mutum biyar za su gwada aikinta. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya rubuta a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da zane. Ƙungiya 10 sau biyar, gwaji 50 ke nan. Kada mutum ɗaya ya gwada fiye da ƙungiya biyu, saboda yana koyon aikin, ƙungiya ta uku sai ta ci bulus. Don haka ana buƙatar mutum 25. A nemo su daga wajen ajin: mai gadi, mai sayar da abinci a bakin ƙofa, ɗaliban wani sashe, kuma a tabbata akwai waɗanda ba su karanta Faransanci. Minti uku ga kowane aiki, kusan minti 12 ga gwaji ɗaya har da zama da tashi. Da tebur biyar a jere, awa biyu an gama. Waya iri ɗaya a kowane tebur, a cika mata caji tun dare.

Malami ne ke karanta aikin, da Hausa ko Zabarmanci, ba tare da ya ambaci kalmar da ke rubuce a kan madanni ba. Ƴan ƙungiyar su zauna baya, baki rufe, suna rubutu. Wannan ya fi komai yi musu wuya: mace ta ɗora yatsa tana neman inda za ta danna, ɗalibi ya fara tari ko ya miƙa wuya. Duk wanda ya yi haka, an lissafa shi a matsayin taimako. Wanda ya gama shi kaɗai maki 4, da taimako sau ɗaya maki 2, lokaci ya ƙare babu komai. Mutum biyar, aiki uku, maki 60 ke nan.

Abubuwan da ke kayar da ɗalibai a nan ba su da yawa, kullum su ne. Na farko kuɗi. Allo ya nuna 500, mai kasuwa kuwa da dala take lissafi, a wurinta ɗari ce. In manhajar tana da murya ta ce "ɗari biyar", ita sefa 2500 ta ji. Ƙungiyar da ta yi hira da gaske a makon farko takan sa hoton takardar kuɗin kusa da lambar. Sai rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda ke da kyau a inuwar aji amma ya ɓace a rana. Ƙa'idar WCAG, wadda ta shafi sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, shi ya sa yana da kyau a kai tebur ɗaya waje. Madanni kuma kada ya gaza 48dp, wato wajen milimita 9, kamar yadda Google ke ba masu Android shawara. Haka nan haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ: nau'in rubutu da yawa ba su da su, sai su fito murabba'i ko su karkace. Noto Sans da Andika suna da su.

Sauran maki 40: a ba da 20 ga gyaran da aka yi tsakanin zanen takarda da na ƙarshe, kowane gyara da dalilinsa. Wannan ne ke tona asirin wanda ya sauko da zanen wani daga intanet, don ba shi da tsohuwar takarda da zai nuna. Goma ga sauƙin karatu, goma ga bayanin baki na minti biyar, kuma wanda zai yi bayanin ƙuri'a ce za ta fitar da shi a ranar, don kada mutum ɗaya ya ɗauke aikin sauran su raka shi.

A liƙa wannan rabon maki a ƙofar aji tun ranar farko, kada a sauya shi. Kyauta kuwa kada ta zama waya ɗaya ga mutum huɗu, rigima ce. Kuɗin intanet na wata ɗaya ga kowannensu ya fi, kuma a ware jika ɗaya-ɗaya na mota ga masu gwajin da suka bar sana'arsu suka zo.

Mun gode.

Wasu malaman zanen manhaja,
Yamai