Masu zuwa kallon namun daji, a ba dabba fili

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana da masu zuwa gandun daji yawon buɗe ido, domin da yawa suna dawowa da ƙorafin ba su ga komai ba. Dabbobin suna nan. Mai kallo ne ya kore su tun kafin ya hango su.

Lokaci shi ne farko. Awa biyu bayan fitowar rana da awa biyu kafin faɗuwarta ne dabbobi ke fita kiwo da shan ruwa, tsuntsaye kuma suka fi kuka. Wanda ya iso da rana tsaka zai tarar kowa ya shige inuwa. A sa rana a baya don launin tsuntsu ya fito, a kuma fuskanci iska, saboda barewa da ɓauna da giwa hanci ne makaminsu. Idan iska ta kwashi warin mutum ta kai musu, zance ya ƙare. A ɗebi ƙura a saki, za ta nuna inda iska ta dosa. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko ganye, turare a bar shi a gida. Zama shiru na minti 20 a bakin mashaya ya fi yawon awa biyu ana surutu.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Madubin da kusantowarsa ta haura 10 yana rawa a hannu, filin da ake gani kuma ya ƙuntata. Wajen saiti, a rufe gilashin dama a juya abin murzawa da ke tsakiyar madubin har hoto ya fito a idon hagu, sannan a rufe hagu a daidaita zoben da ke bakin idon dama. Kuskuren sabon shiga shi ne sunkuyawa ya nemi madubi, kafin ya ɗago tsuntsu ya ɓace masa. Ido ya tsaya kan tsuntsu, hannu ya kawo madubin.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne matsawa kusa don ɗaukar hoto da waya. A gandun Yellowstone na Amurka doka ta ce mita 91 tsakanin mutum da kyarkeci, mita 23 ga yawancin sauran dabbobi, kuma tun 2014 aka hana tashin ƙananan jirage marasa matuƙi a gandayen ƙasar. Ko babu doka a rubuce, dabba da kanta tana faɗa. Idan ta daina ci ta ɗaga kai tana kallonka, ka yi kusa, ja da baya a hankali. Giwa ta baza kunnuwa tana kaɗa kai, gargaɗi ne, musamman mai ɗa. Dorina da dare take kiwo ta koma ruwa da asuba, kuma duk girman jikinta ta fi mutum gudu, don haka kada a taɓa shiga tsakaninta da ruwa. Inda akwai kada, a bar aƙalla mita 5 daga gaɓa.

Tsuntsu ba ya cizo, shi ya sa ake raina cutar da ake yi masa. Ƙananan tsuntsayen da ke ƙetare Sahara sukan tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa kafin su tashi, wannan kitsen ne guzurinsu. Duk sanda aka tayar da garke don a ga yadda suke tashi, an ci daga guzurin. Uwa kuma idan aka kore ta daga sheƙa, rana ta gasa ƙwan ko hankaka ya sha. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi ma zalunci ne, domin namiji zai bar ciyar da 'ya'ya ya fito neman abokin gaba da babu shi.

Ba wa biri abinci kuwa, hukuncin kisa ne aka yanke masa. Ya saba da hannu, ya fara fizge jaka, ya ciji yaro, daga ƙarshe ma'aikata su harbe shi. Leda da kwalba a koma da su, guntun sigari guda yana iya cinye ciyawar rani gaba ɗaya.

Don lafiyar kai, a riƙe ruwa kamar lita ɗaya ga kowace awa biyu ta tafiya, a sa rufaffen takalmi, a bi hanyar da aka shata, a sanar da ma'aikata inda aka nufa da lokacin dawowa. Idan maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau; a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Muna kira ga hukumomin gandaye su kafa waɗannan ƙa'idoji a bakin ƙofa da harshen da baƙi ke karantawa, su kuma yi wa kowace tawaga bayanin minti biyar kafin ta shiga.

Wassalam,
Wasu masu kallon tsuntsaye da namun daji