Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Yusuf Datti Baba-Ahmed

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni Bazazzagi ne, ina cikin waɗanda suka kaɗa maka ƙuri'a a 2003 ka tafi Majalisar Wakilai. Ban manta ba cewa lokacin da ake fafutukar tazarcen Obasanjo a 2006 kana cikin waɗanda suka ce a'a. Don haka na san bakinka ba ya nauyi in gaskiya ta zo.

Burinka kuma ba ɓoyayye ba ne. Ka nemi takarar shugaban ƙasa a PDP a 2018, ka tashi da ƙuri'a 5 a Fatakwal, ba ka karaya ba. A 2023 ka mara wa Peter Obi baya a matsayin mataimaki, kuka samu ƙuri'a sama da miliyan 6. Amma a jihar Kano kaf ko dubu 30 ba ku kai ba. Ranka ya daɗe, ka san dalili, ni ma na sani. A majalisun unguwa da teburin mai shayi tambaya ɗaya ake yi: ina matsayinsu game da 'yan a-waren Biyafara?

Ƙanena yana kai albasa Onica. Tun daga Agustan 2021 da aka ƙaƙaba zaman gida na ranar Litinin a ƙasar Ibo, duk tafiyarsa mahaifiyarmu ba ta barci sai ya kira. Ta ji labarin Ahmed Gulak, ɗan siyasar Adamawa, da aka harbe a Owerri a watan Mayun 2021. Ta ji na matar nan mai juna biyu da aka kashe tare da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra a 2022. IPOB, ƙungiyar 'yan a-waren Biyafara, ta sha musanta hannu a irin waɗannan kashe-kashe, amma wannan bai mayar wa kowa da ɗan'uwansa ba. Mai neman ƙuri'ar tsohuwar nan dole ya kalle ta ido da ido ya faɗa mata inda ya tsaya.

Sai dai kada mu zama masu ganin ƙaiƙayi a idon wani. Kalmar araba daga bakinmu ta fito a 1966, kuma an zubar da jinin Inyamurai masu yawa a garuruwanmu kafin Ojukwu, wanda a Zungeru aka haife shi, ya ayyana Biyafara a ranar 30 ga Mayu, 1967. A Yunin 2017 ma a Kaduna wasu matasanmu suka ba su wa'adin su tattara su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. Na ga yadda maƙwabcina mai sayar da kayan gyaran mota ya tura iyalinsa gida a lokacin, mutumin da Hausa ta fi zama a bakin 'ya'yansa fiye da harshen iyayensu. Wallahi na ji kunya. Kuma galibin waɗanda zaman gidan Litinin ya karya wa jari, ko aka kashe don sun buɗe shago, Inyamuran ne da kansu.

Kai ne ɗan Arewa da ya zagaya ƙasar Ibo ana yi masa tafi. Kaɗan ne cikin manyanmu suka samu wannan amana, kuma ina tsoron ka adana ta don lissafin zaɓe kawai. Abin da nake roƙo shi ne magana ɗaya, wadda ba ta canza riga daga gari zuwa gari. Ka faɗa a Inugu cewa wanda ya kashe fatake saboda yarensu mai laifi ne, ko wace tuta ya ɗaga. Ka dawo Zariya ka faɗa mana cewa kukan wariyar da Inyamurai suke yi yana da tushe, tunda su kaɗai ne shiyyar da ke da jihohi 5, kuma bindiga kaɗai ba za ta kashe wutar ba.

Ka fara da kasuwar Sabon Gari, inda mu da su muke cin abinci a rumfa ɗaya. In ka sa rana, zan zo da ƙanena da maƙwabcin nawa.

Wassalam,
Wani ɗan'uwanka daga Tudun Wada, Zariya