Kacici-kacici ta waya a aji: ba a kan wanda ya zo na ɗaya aikin yake ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta, musamman na Zariya da kewaye, a kan wasannin kacici-kacici na intanet da suka fara shiga azuzuwanmu, irin su Kahoot da Quizizz, wanda aka sauya wa suna zuwa Wayground a 2025. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, WAEC kuma ta fara jarraba hakan a 2024 da masu rubutawa daga waje, iyaye da masu makarantu suka ƙwallafa rai a kan duk abin da zai sa yaro ya saba da amsa tambaya ta na'ura. Burin mai kyau ne. Damuwata ita ce yadda ake amfani da wasannin: a yi ihu, a tafa wa wanda ya zo na ɗaya, a buga ƙararrawa, kowa ya watse, gobe malam ya ɗora darasi daga inda littafi ya tsaya. Idan haka za a yi, an ƙona data da minti goma sha biyar a banza.

Amfanin wasan shi ne ya nuna wa malami, tun darasi bai ƙare ba, abin da yara suka gane da abin da suka gane a karkace. Kamar tela ne da ke gwada wa mutum riga kafin ya kashe ɗinki, lokacin da gyara ke da sauƙi. Jarrabawar ƙarshen zango ba ta iya wannan, domin kafin a gama makin takardu an tafi hutu.

Aikin gaske yana wajen rubuta tambaya, kuma ba a amsar daidai ba, a amsoshi ukun da ba daidai ba. Ɗauki lissafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare: 1/2 a tara da 1/3. Amsa 5/6 ce. Idan malami ya cika sauran gurabe da 9 da 20 da 100, ko yaron da bai san komai ba zai gane wadda ake so, kuma malam bai ƙaru da komai ba. Amma a sa 2/5, da 1/6, da 2/6. Wanda ya zaɓi 2/5 ya tara lambobin sama ya tara na ƙasa, wato bai san dalilin neman lambar ƙasa ta bai-ɗaya ba. Wanda ya zaɓi 1/6 ninkawa ya yi, ko ya ɗebe, maimakon tarawa. Wanda ya zaɓi 2/6 ya kusa: ya samo shida a ƙasa, ya manta bai gyara na sama ba. Cuta uku ke nan, kowace da maganinta, kuma cikin minti ɗaya malam ya ga yara nawa ke ɗauke da kowace. Irin waɗannan amsoshin tarko ba daga ka ake ƙago su ba. A buɗe littattafan aikin yara na bara da takardun gwajin da aka yi maki, a tsinto kurakuran da ke yawan dawowa. Tambaya shida masu irin wannan nauyi sun fi talatin da aka kwaso.

Maganar kwasowa kuwa, waɗannan wasanni cike suke da tambayoyin da wasu suka riga suka rubuta. Da yawa an yi su ne bisa manhajar karatun Amurka ko Indiya, da dala da mil, wasu ma amsar da aka yi wa alamar daidai kuskure ce. Haka tambayoyin da na'ura ke ƙirƙirowa da kanta. Duk tambayar da malami bai zauna ya warware da alƙalaminsa ba, bai kuma auna ta da manhajar NERDC (hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa) da yake koyarwa ba, kada ta shiga aji.

Sai lissafin canki-canka, wanda malamai da yawa ke mantawa. Tambaya mai zaɓi huɗu, idan aji mai yara 60 duk suka yi canki, kusan 15 za su dace. Saboda haka idan 30 suka samu daidai, kada a ce rabin aji sun gane. Waɗanda suka sani da gaske ba za su wuce kusan 20 ba, sauran sa'a ce. Tambayar "gaskiya ko ƙarya" ta fi muni, rabi za su ci ko ba su taɓa jin darasin ba. Maganin shi ne a tambayi abu ɗaya sau biyu da lambobi daban, kuma bayan kowace amsa a ɗaga yaro ɗaya ko biyu su faɗi yadda suka yi.

To, sakamako ya fito, me za a yi? Akwai tsarin da Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard, ya fito da shi a farkon shekarun 1990, kuma ya dace da ajinmu mai cunkoso. Idan fiye da kashi 70 cikin ɗari sun samu daidai, a yi gajeren bayani a wuce. Idan tsakanin kashi 30 da 70 ne, kada a faɗi amsa. A ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda ya zaɓi wata amsa daban, su yi gardama minti biyu, da Hausa ma idan ta fi musu sauƙi, sannan a sake jefa tambayar. Idan ƙasa da kashi 30 ne, gardama ba za ta yi amfani ba tunda masu sanin ba su da yawa; a ajiye waya, a ɗauki alli, a sake koyar da wurin ta wata hanya. Kafin nan dai malam ya sake karanta tambayar tasa, domin wani lokaci Turancinta ne ya ɗaure yaran, ba lissafin ba. Wannan mataki na tsakiya yana da wahala a Kahoot, saboda yana bayyana amsa da zarar lokaci ya cika. Mai son gardamar sai ya fara jefa tambayar a allo yara su ɗaga kati mai harafin amsar da suka zaɓa, sannan a amsa ta waya a zagaye na biyu.

Ga kuma matsalar agogo. A Kahoot maki yana tafiya da sauri: wanda ya amsa daidai nan take yana iya samun 1000, wanda ya amsa daidai a daƙiƙar ƙarshe ya tashi da kusan rabi. Sakamakon haka yaran da ke saman jeri su ne masu saurin karatun Turanci da masu wayar da sabis ɗinta ya fi ƙarfi. Yarinyar da ke zama ta yi aikinta a takarda a tsanake, ta kuma samu daidai, kullum tana ƙasa, har ta fara ganin ba ta iya ba. Wannan zalunci ne da muke yi ba da niyya ba. A ba tambayar tuna abu daƙiƙa 20 zuwa 30, ta lissafi 60 zuwa 90, malam ya karanta tambayar da baki kafin a fara ƙirga, a kuma kashe makin sauri ko jerin gwanaye idan sabon darasi ake aunawa. Atisayen gudu yana da ranarsa. Ɗan aji uku na babbar sakandare da zai fuskanci tambaya 180 cikin awa biyu a JAMB, wato daƙiƙa 40 ga kowace, yana bukatar sabawa da agogo, amma bayan ya iya abin.

Na san abin da malamin makarantar gwamnati a Tudun Wada ko Kofar Doka ko Sabon Gari zai ce: yara saba'in, babu majigi, wuta ba tabbas, kuma makaranta ta hana shigowa da waya. Gaskiya ne, kuma saboda shi ne na fi son a san Plickers. A nan waya ɗaya ake bukata, ta malam. Kowane yaro yana da kati mai wani baƙin zane, gefunansa huɗu an rubuta A, B, C, D da ƙananan baƙaƙe. Malam ya rubuta tambaya a allo, yaro ya juya katin yadda harafin da ya zaɓa zai kasance a sama ya ɗaga, malam ya bi aji da kyamarar waya, amsar kowa ta shiga da sunansa. Tunda zanen kowa daban ne, na baya ba zai kwafi na gaba ba. Ana sauke katunan kyauta, a buga su a kowane shagon buga takardu na Samaru ko Kongo. A buga a farar takarda mai kauri, ko a manna a kwali. Kada a rufe su da leda mai ƙyalli, hasken taga zai hana kyamara karantawa. A koya wa yara riƙe katin ta gefe, domin yatsa ɗaya a kan zanen ya isa ya ɓata shi, malam kuma ya tsaya yadda taga ba za ta fuskanci kyamararsa ba. Katunan 63 ne iyaka, don haka ajin da ya wuce haka sai a haɗa yara biyu a kati ɗaya. A rubuta lambar katin kowa a gefen sunansa a rajista, a karɓe katunan bayan darasi, in ba haka ba kafin mako biyu rabi sun zama jirgin takarda.

Inda aka yarda da waya, ba sai kowa ya samu ba. Rukuni na yara huɗu ko biyar a waya ɗaya, aji mai 60 zai bukaci waya 12 zuwa 15, a riƙa sauya mai dannawa a kowace tambaya don kada mutum ɗaya ya mallake ta. A tuna cewa yawancin wayoyi ba sa raba data ga na'ura fiye da goma a lokaci ɗaya, saboda haka wayar malam kaɗai ba za ta ɗauki aji ba. Idan babu majigi a zaɓi tsarin da ke nuna tambaya a fuskar wayar yaro. A cire bidiyo da kiɗa da manyan hotuna, su ne ke cin data suna sa wasa ya tsaya. A gwada sabis a cikin ajin kansa kwana ɗaya kafin darasi, ba a ofishin malamai ba, a kuma riƙe tambayoyin a takarda ko da sabis zai ɗauke. Yara su shiga da lambar rajista. Wannan ya toshe ƙofar sunayen banza, ya kuma hana zuba cikakkun sunayen 'ya'yan mutane a shafukan ƙasashen waje, abin da ya kamata makarantu su kula da shi tunda akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Da zarar kowa ya shiga a kulle wasan, kada lambar shiga ta fita zuwa wani aji. Duk wannan da sanin shugaban makaranta da iyaye.

Idan ko wayar malam ba ta samu ba, kwali huɗu masu A, B, C, D a hannun kowane yaro suna yin aikin, sai dai malam ya ƙirga da ido.

A darasin minti 40, minti goma sun isa. Tambaya shida: uku daga darasin yau, biyu daga na makon jiya, ɗaya daga na watan da ya wuce. Tilasta wa ƙwaƙwalwa ta lalubo abin da ta fara mantawa yana kafa shi fiye da sake karanta littafi, shi ya sa tsofaffin tambayoyin nan uku ba ɓata lokaci ba ne. Bayan an tashi, malam ya buɗe rahoton, ya duba tambayar da aka fi faɗi da amsar tarkon da ta fi jan mutane, ya fitar da sunayen yaran da suka faɗi huɗu ko fiye cikin shida. Minti biyar na farkon darasin gobe nasu ne.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a zuba makin wannan wasa a cikin makin C.A., wato makin gwaje-gwajen cikin zango. Ranar da yaro ya san za a rubuta, ranar zai daina nuna abin da bai sani ba, ya koma leƙen na kusa. Haka tambayoyin da ake tura wa iyaye ta WhatsApp a Google Forms: suna da kyau don bita, amma ba wanda ya san ko yaron ne ya amsa ko yayansa, kuma gidan da babu babbar waya an bar ɗansu a baya. Sannan zaɓi huɗu ba ya auna rubutun insha'i, ko jera matakan lissafi, ko karatu a bayyane. Malamin Islamiyya zai iya tambayar hukuncin nun mai sukun ta wannan hanya, amma hadda da fitar da harafi sai kunne.

Zariya ba ta rasa masu gyara wannan ba. Ga tsangayar ilimi da cibiyar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) da ta zama jami'ar ilimi ta tarayya, duk shekara ɗalibansu na fita koyon aikin koyarwa a makarantun garin nan. Ina kira gare su da su sa kowane ɗalibi, kafin ya fita, ya rubuta tambaya goma a fanninsa, ya bayyana kuskuren da kowace amsar tarko za ta tono, mai duba shi kuma ya tambaye shi abin da ya sauya a darasinsa bayan ya ga sakamako. Shugabannin makarantu su ware awa ɗaya a wata malaman fanni ɗaya su zauna su yi musayar tambayoyi, ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta ɗauki nauyin buga katuna da datar malam.

Wassalam.

Naka,
Malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.